Ƙarar injin watsa masara da farautar barewa a Texas

A tsakiyar jihar Texas ta Amurka, yankin duwatsun da ke kewaye da garuruwan Llano da Mason, da wuya ka shiga filin farauta ba ka hango duro a kan ƙafafu uku ba. Injin watsa masara ke nan, wanda ake kafa wa barewa mai farar wutsiya. Dokar jihar ta yarda a zuba wa barewa abinci a yi farautarta a filin da yake mallakar mutum, amma a yawancin filayen gwamnati an hana, kuma akwai jihohin Amurka da suka hana saboda cutar da ke yaɗuwa in bareyi suka riƙa haɗa baki wuri ɗaya. Kafin ka sayi buhu ko ɗaya, ka duba littafin dokokin farauta na shekarar.

Nawa injin duro ne mai galan 55, yana cin buhu 6 na masara, kowane buhu kimanin kilo 23. A gindin duron akwai mazurari, ƙarƙashinsa faranti da ƙaramin inji ke juyawa, sai batir mai volt 12, da agogo, da ɗan allon sola. In lokaci ya yi, farantin ya juya ya watsa masara a kewaye. Ban taɓa yarda da ƙiyasin da ke jikin kwali ba. Na kan ɗaura buhu a bakin farantin, in kunna sakan 5, in auna abin da ya zubo. Nawa yana ba da kusan kilo 1. Sau biyu a rana, duro ɗaya yana kai ni wata biyu.

Da farko na ɗauka ƙarar injin ce matsalata. Yana da ƙara kam: kukan inji, sannan masara tana dukan faranti da ƙafafun ƙarfe, da asuba ana jin sa daga nesa sosai. Kyamarar da na ɗaure a bishiya ce ta gyara min fahimta. Kwanakin farko bareyin sun riƙa zabura, amma kafin mako uku matan da 'ya'yansu sun koma tsayawa a bakin kurmi tun kafin lokaci, inji na yin shiru su fito. Ƙarar ta zame musu kiran abinci. Abin da ke korar barewa shi ne ƙarar da ba ta saba ji ba, ko wadda ta zo a lokacin da ba ta saba ba. Tun da na gane haka na daina neman injin da ba ya ƙara, na koma kula da kada muryar nawa ta canza. Shi ya sa nake kafa inji aƙalla mako 6 kafin a buɗe farauta, kuma in na sauya wani abu a jikinsa, ina ba su mako guda kafin in zauna farauta.

Yawancin baƙuwar ƙara daga faranti take fitowa. Ɗan sukuru ɗaya ne ke riƙe shi a sandar inji, kuma girgiza tana kwance shi a hankali. Da ya kwance, farantin zai karkace, ya riƙa gogar bakin mazurari ko kejin wayar da ke kare shi, ka ji wani kas-kas-kas da babu shi a da. Ina ɗaure sukurun da ɗigon gam na noti, in juya farantin da hannu in ga ba ya taɓa komai. Tazarar da ke tsakanin faranti da mazurari ina barin ta wajen rabin inci. In ta yi faɗi, iska da tsuntsaye za su riƙa zubar da masara duk yini. In ta matse, gutsuren totuwa ya toshe bakin, injin ya yi ta gurnani babu abin da ke fita. Wannan gurnanin yana cinye batir kuma yana ƙona inji, don haka ina tankaɗe masarar da na ga tana da datti kafin in zuba.

Batir mai rauni ma yana canza murya. Injin zai tashi da nauyi, ya ja dogon kuka, masarar ta zube a gindin duro maimakon ta watsu. Ina auna batir duk zuwa. In ya sauka ƙasa da volt 12 ba tare da inji na aiki ba, na san ya kusa gajiya, sai in sauya shi. Allon sola ina fuskantar da shi kudu, in goge ƙura da kashin tsuntsu. In kuwa batir lafiya lau amma inji na yin siririn kuka kamar fito, to ƙura da ruwa sun cinye wurin da sandar ke juyawa. Ɗigon mai yana rufe bakinsa na 'yan kwanaki kawai. Sauya ƙaramin injin da ke juya farantin ya fi, aikin minti 15 ne da sukudireba.

Sai ƙarar da ke fita lokacin da inji ba ya aiki, kuma ita ce na fi jin tsoro, domin ba ta da lokaci. Murfin ƙarfe yana bugawa in iskar arewa ta taso. Ƙafafun suna ƙugi a cikin soket ɗinsu. Wayar sola tana dukan jikin duro, duron da ya kusa ƙarewa kuwa kamar ganga yake, komai ya taɓa shi sai ya amsa. Tsohuwar robar tayar keke ta magance min kusan duka. Na yanka ta na zagaye bakin murfi, na ɗaure murfin da igiyar roba, na naɗa wata a kan kowace ƙafa kafin in cusa ta a soket, na ɗaure wayar a jikin ƙafa. Ƙafafun kuma na sa musu tsohon tiyo daga tsayin faranti zuwa ƙasa, sai dukan masara ya koma taushi. Kowace ƙafa na kafa mata turken ƙarfe na ɗaure, saboda aladun daji da shanu suna gogar jiki har su kayar da duro.

Aladun nan su ne suka sa na kewaye injin da shingen waya mai tsayin inci 34, zagayen da faɗinsa ya kai ƙafa 30. Babbar barewa tana tsallakewa cikin sauƙi, alade ba ya iyawa. Na rage tsayin wuri biyu zuwa inci 28 domin ƙanana. Ƙaramin zagaye ba ya aiki, barewa ba ta son wurin da take jin an ritsa ta. Mahaɗar shingen ina ɗaure ta tam da waya, domin sako-sakon shinge yana kaɗawa duk lokacin da kofato ya taɓa shi.

Lokaci yana da nasa tarkon. Doka ta ba da damar harbi daga minti 30 kafin fitowar rana zuwa minti 30 bayan faɗuwarta. In inji ya watsa cikin duhu, su cinye su tafi kafin ka iya ganin komai. Na safe ina sa shi wajen minti 10 bayan fitowar rana, na yamma awa ɗaya da rabi kafin faɗuwarta, kuma na yamma ina rage shi zuwa sakan 3 don kada ragowar masara ta koya musu zuwan dare. Ranar Lahadin farko ta Nuwamba yawancin jihohin Amurka ke mayar da agogo baya da awa ɗaya, daidai farkon lokacin farautar bindiga a Texas. Kada ka taɓa agogon injin ranar. Barewa rana take bi. Kai ne za ka tuna cewa abin da ke tashi ƙarfe 7:45 yanzu 6:45 zai tashi a wayarka. Gyaran da nake yi shi ne na minti 10 duk bayan mako biyu, don bin gajartar yini.

Ƙarar mutum ta fi ta inji ɓarna. Ina cika duro da tsakar rana, tsakanin ƙarfe 11 da 2, da mota ɗaya, ta hanya ɗaya, ba na kashe injin motar, ba na buga ƙofa. Sun saba da motar mai gona. Maɓoyata ta bindiga tana yadi 100 daga injin, ta kwari da baka yadi 20, kuma ina da biyu, ɗaya don iskar kudu ɗaya don ta arewa, domin duk shirun da ka yi, in iska ta kai musu warinka an gama. Ina shiga minti 45 kafin inji ya tashi. In dole in gyara zama ko in buɗe taga, ina jira sakan 5 ɗin da faranti ke juyawa, ƙararsa ta rufe tawa.

Babban namiji mai shekara huɗu ko biyar bai cika tsayawa a gindin inji da rana ba. Ya ji ƙarar, ya san matan suna can, sai ya zagaya ta inda iska ke kai masa wari, yadi 50 zuwa 100 cikin kurmi, ya shinshina ya wuce. Don shi na share siririyar hanyar harbi a wannan ɓangaren, kuma can nake sa ido fiye da kan duron. A wani kwari da ban so a ji motsi ko kaɗan, na sa irin mazubin da abinci ke gangarowa da kansa ta bututu, babu inji babu batir. Shiru yake, amma bareyin suna ci lokacin da suka ga dama, yawanci da dare, kuma abincin yana ƙarewa da sauri.

Shekarar da itatuwan oak, waɗanda barewa ke cin 'ya'yansu, suka zubar da 'ya'ya da yawa, masara tana kwana a ƙasa babu mai taɓawa. Ba ƙara ce ta kore su ba, abin da suka fi so suka samu. A irin wannan lokaci ina rage watsawa zuwa sakan 2 don muryar injin ta ci gaba da fita a kan lokaci, in kwashe masarar da ta jiƙe ta fara fumfuna saboda gubarta tana kashe talotalon daji da sauran tsuntsaye, in mayar da zamana gindin itatuwan har 'ya'yan su ƙare.