Shayin Da Ban Zuba Ba

Jiya na yi zama na uku a kwamitin daraktocin wani kamfani a nan Kaduna, kuma a jiyan na kama kaina dumu-dumu. Ana shigo da shayi sai na yunƙura zan zuzzuba wa mutane. Ni da aka kira don duba lissafin kuɗi! Hajiyar da ke gefena ta dafa min gwiwa ta ƙarƙashin tebur. Na koma na zauna.

Da muka fito ta ce, "Ƙanwata, sau huɗu kika ce 'a yi min afuwa' kafin ki kai ga maganarki. Laifin me kika yi?"

Wallahi na rasa amsa. Da kunya aka raine mu, ba kuma na raina ta, amma shekara 26 ina aiki ban taɓa lura muryata na ƙanƙancewa idan maza suka cika ɗaki ba. Tun 2012 Babban Bankin Najeriya ya nemi bankuna su ba mata kashi 30 cikin 100 na kujerun daraktoci, to amma wa ya koya mana zaman kujerar?

Ita Hajiya tun daga gida ta bi rahoton kuɗin shafi-shafi da jan biro. Tambaya biyu kacal ta yi. Da wani ya katse ta, ko murya ba ta ɗaga ba, ta ce, "Ranka ya daɗe, ban gama ba." Ɗakin ya yi tsit.

Wata mai zuwa akwai wani zaman. Na riga na sayi jan birona.