4,294,967,297: lambar da ta kunyata Fermat

Ku ɗauki kalkuletar wayarku ku buga 2 sau 2 sau 2 har sau 32, sai ku ƙara 1. Abin da za ku gani shi ne 4,294,967,297, wato biliyan huɗu da miliyan ɗari biyu da casa'in da huɗu da ɗoriya. Yaran da nake yi wa lesin a Samaru da yamma duk na taɓa ba su ita, nakan ce su gaya min ko firam ce, wato irin lambar da babu mai raba ta sai 1 da ita kanta, kamar 7 ko 13.

Abu na farko da suke ganowa mara ce ba cika ba, tunda da 7 ta ƙare. In ka haɗa alƙalumanta za ka samu 59, kenan 3 ba ta raba ta, 5 ma dai ba magana. Daga nan fa sai a fara gumi, a gwada 7, a gwada 11, 13, a yi ta tafiya har wani ya ce Malam wallahi firam ce a bar mu mu huta.

To ba su kaɗai ba ne. Pierre de Fermat, wani lauya ɗan Faransa da lissafi ya shiga jininsa, a 1640 ya lura cewa 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk firam ne, kuma duk hanya ɗaya ake samo su, ka ɗauki 2 ka yi ta ninka abin da ka samu da kansa, wato 2, 4, 16, 256, 65,536, sai ka ƙara wa kowacce 1. Sai ya ɗauka ai duk 'yan gidan haka suke, ta shida a layin kuwa ita ce wannan tamu.

Sai a 1732 Leonhard Euler, wani masanin lissafi ɗan Switzerland, yana ɗan shekara 25, ya fito da 641. Ku gwada da kanku, 641 sau 6,700,417 zai ba ku lambar cif, ko ɗigo babu saura. Kuma abin da ya fi burge ni ba wai ya zauna yana gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya ba ne kamar yarana, ya nuna cewa duk firam ɗin da zai raba ta dole in ka cire masa 1 ya rabu da 64, shi kenan sai 'yan takara suka rage 193, 257, 449, 577, sai 641 na biyar. Aikin da yaro ɗan SS2 zai gama kafin a kira magariba in an nuna masa ƙofar.



Saboda haka masu raba ta huɗu ne kacal: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta, kuma na tsakiyan biyu duk firam ne. In ka haɗa ukun farko 6,701,059 kawai za ka samu, ko kusa da ita bai kai ba, shi ya sa ake sa ta cikin lambobi masu gibi. 'Yan kwamfuta kuma sun san maƙwabciyarta 4,294,967,296, ita ce yawan adireshin intanet a tsohon tsarin IPv4.

Har yau da duk manyan kwamfutocin duniya ba a sake samun firam ko guda a gidan Fermat ba bayan 65,537, duk wadda aka iya bincikawa sai a tarar tana rabuwa.