Zagayen cikin birnin Katsina: inda za a fara da abin da za a duba

Cikin birnin Katsina da ƙafa ake zaga shi. Mota za ta kai ka Ƙofar Soro ko bakin Ƙofar Ƙaura, amma lungunan Masanawa, Gambarawa, Albaba da Darma sai mai tafiya a ƙasa. A fito da sassafe, kamar ƙarfe 7, a gama kafin azahar. Daga Nuwamba zuwa Janairu ya fi daɗi. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan gajiyar da mutum tun hantsi, a Agusta kuma ruwa na kwanciya a lunguna. Ranar Juma'a wajen fada da babban masallaci kan cika tun kafin azahar, don haka a zaɓi wata rana.

A fara daga filin Kangiwa, gaban Gidan Korau, fadar da ake danganta ta da Sarki Muhammadu Korau na ƙarni na 15. Ba a kutsa kai cikin fada haka nan. A yi sallama ga dogarai, a faɗi abin da ya kawo mutum, inda aka ce a tsaya a tsaya. Daga nan sai Hasumiyar Gobarau, wadda tsayinta ya kai kimanin mita 15, ginin ƙasa zalla. Matakalarta ƙunci gare ta, idan an ba da izinin hawa a hau kaɗan-kaɗan, kada a jingina da bango ko a kankare shi da farce.

A nan ya kamata mai ziyara ya koyi kallon ginin ƙasa, domin shi ne rabin abin da ya zo gani. Da tubali ake ɗaga bango, a yi yaɓe, sannan a shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa. Rufi da azara ake yi, wato itacen giginya, saboda gara ba ta cika cin ta ba. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan faɗin ɗaki ya wuce kusan mita 2, shi ya sa magina suka ƙirƙiro baka da ɗaurin guga, wato gini mai lanƙwasa da ke tasowa daga bango ya tallafe rufi, don su sami soro mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Abin da ke kashe irin wannan gini abu biyu ne. Indararo ya toshe, ruwa ya kwana a kan rufi, azara ta ruɓe. Ko kuma a shafe bangon ƙasa da siminti: laima ta shiga ta rasa hanyar fita, ƙasar ta narke daga ciki, wata rana simintin ya ɓamɓaro gaba ɗaya. Abin takaici ne yawan gidajen da aka rasa ta wannan hanya ta biyu, da sunan gyara.

Wurin da ya fi nuna wannan fasaha shi ne tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne. A ɗaga kai a dubi rufin sosai kafin a dubi kayan da ke ƙasa.

Ganuwa kuwa yawancinta ta zube, gidaje sun hau kanta, kuma ƙofofin an sake gina su. Duk da haka sunayen na nan: Guga, 'Yanɗaka, Sauri, Marusa, Durɓi, Ƙwaya, Ƙaura. Ta Ƙofar 'Yanɗaka Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo a 1903. Mai son ziyarar malamai sai ya nemi Masanawa, unguwar Wali Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667, da kuma maƙabartar Ɗan Marina. A cire takalmi inda aka ce, a rage murya.

Sai kayan sana'a, inda baƙo ya fi yin asarar kuɗi. A rini, a tambaya kai tsaye: na baba ne ko na sinadari? Rinin gargajiya a karofi ake yinsa, a haɗa ruwa da toka da baba da katsi (lakar ƙasan karofi da aka ƙona), a bar shi kwanaki ya tashi, ana motsawa. Zane kan fito kore-kore daga ciki, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi, kuma sai an tsoma sau da yawa kafin ya yi duhu. Karofi da yawa sun mutu, yawancin rinin yau a ganga ake yi da sinadari. Ba laifi ba ne, amma kada a biya kuɗin na baba a kansa. Na baba yana da warinsa, yana barin shuni a tafin hannu, kuma idan ya sha bugu ƙyallinsa daga jikin zaren yake fitowa. Wankin farko a yi shi shi kaɗai da ruwan sanyi, a shanya a inuwa.

A fata, a lanƙwasa gefe guda a matse. Idan ta tsage ko ta yi farin layi, jimar ba ta ratsa ba, wato an yi gaggawar fitar da ita daga ruwan bagaruwa. Idan tana ɗoyi, za ta ƙara da damina. Jan launi na asali daga karan dafi yake, baƙi kuma daga kuloko, rinin da ake haɗawa da kashin maƙera. A juya jaka ko takalmi a dubi ɗinkin ciki, domin aikin da aka manna da gam kawai ba ya shekara. A wurin maƙera, a ƙwanƙwasa wuƙa ko lauje: mai kyakkyawan horo ƙararta a sarari take fita, mai tsaga a ɓoye kuma ƙararta a dushe.

Yawancin masu sana'ar nan a zauren gidajensu suke aiki. A yi sallama, a gaida baba ko malam, a tambayi aiki da iyali kafin a taɓa kaya. Ba a wuce zaure sai an ce a shigo, ba a ɗaukar hoto sai da izini, musamman na mata da yara. A riƙe kuɗi a hannu, ƙanana, domin ba kowane dattijo ke karɓar tiransifa ba. A yi ciniki, amma wanda ya zauna ya kalli baduku yana huda fata ɗinki bayan ɗinki, kada ya taya rabin kuɗi.