Karo na uku a ƙarƙashin Hilux: lakar da ido ba ya gani

'Yan uwa masu koyon kula da mota irina, ga inda aka kwana. Ranar Asabar na sake shiga ƙarƙashin tsohuwar Hilux ɗina, kuma sai a wannan karon na yarda cewa wanki biyun da suka gabata na ganin ido ne kawai.

Na farkon ba ni na yi ba. Mun dawo daga wajen Tiga a farkon damina, na kai ta wurin wankin mota, yaran suka ɗauraye jiki, suka fesa wa ƙasanta gas gauraye da baƙin mai, tana ta ƙyalli. Bayan kwana biyu, ina kan titin Zariya, da na kai gudun kilomita 90 sai sitiyari ya kama rawa. Na zaci babban aiki ne. Mai faci ya kwance tayar gaba, sai ga busasshiyar laka kamar curin fura manne a cikin wili ta ɓangare ɗaya. Ya ɓamɓare ta da sukundireba, rawa ta tsaya. Fesa baƙin man nan kuwa na daina yarda da shi: yana cin robobi, kuma idan hunturu ya zo ƙura yake tarawa.

Na biyu ni na yi da hannuna, kuma ni na yi ɓarna. Mun shiga gonakin shinkafa na Kadawa, inda lakar ba irin jar ƙasar da muka saba ba ce, baƙa ce mai danƙo, irin ta fadama. Na bar ta kwana 4 a jikin mota ta bushe ƙamas kamar tubali. Na aro injin feshi mai ƙarfi, na ga ruwa yana ta tsalle a kanta ba ta ko motsi, sai na riƙa matso da bakin bindigar har ya kusa taɓa ƙarfe. A haka na yaga robar shaf ɗin gaba, wato sandar ƙarfen da ke juya taya, giris ya fantsamo. Da na je Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, neman wata robar, na ba wani dattijon bakanike labari. Ya dube ni ya ce, “Yaro, ka jiƙa ta kafin ka fesa?” Na ce, “A'a Baba.” Bai ƙara cewa komai ba, ya ci gaba da aikinsa.

To wannan karon jiƙawa na fara yi. Na bar inji da salansa da birki suka huce tukuna, don ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi ba alheri ba ne. Na samo tsohon tiyo na huda shi da ƙusa a wurare da yawa, na toshe ƙarshensa, na shimfiɗa a ƙarƙashin motar, na bar shi yana tsartuwa kusan rabin awa ina matsar da shi daga gaba zuwa baya. Na san a unguwanni da yawa ruwa na 'yan garuwa ne, kowace jarka da kuɗinta. Idan haka ne, ku wanke motar a ranar da kuka dawo tun lakar tana ɗanya, ruwan da za ku kashe bai kai haka ba. Da ta jiƙu, da kanta take zubowa guntu-guntu, wani wurin ma da ɗan itace kawai nake turawa. Injin feshin na riƙe shi nesa da kamu ɗaya da rabi, kuma ban nufi robobi da wayoyin lantarki da bakin boris da shi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shasi ne. Ƙarfen nan da gangar jikin motar ke zaune a kai rufaffe ne kamar bututu, yana da ramuka a gefe, da wasu a ƙasa da aka yi don ruwa ya fita. Nawa na ƙasan duk sun toshe. Na zura waya na buɗe su, na cusa tiyo ta ramin gefe na saki ruwa. Minti 20 jan ruwa yana fita, da tsakuwa, da ƙaiƙayi, har da murfin kwalba. Wannan lakar ce ke kashe mota. Ta waje rana tana busar da ita, ta ciki kuwa tana riƙe da danshi har damina ta wuce, tsatsa tana ci daga ciki, fenti a waje lafiya lau. Masu motocin Kwatano da suka fito daga Amurka ko Kanada su fi kowa lura, domin can ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, yawanci da tsatsarsu suke isowa.

Na kwance farantin da ke kare ƙasan inji, ƙusoshi kaɗan ne, na tarar da laka cike da shi da busasshiyar ciyawa dab da salansa. Ciyawar nan tana iya kama wuta. Lagireto kuma, wato mai sanyaya ruwan inji, ta baya na wanke shi, daga ɓangaren inji zuwa waje, da ruwan tiyo mara ƙarfi, don haƙarƙarinsa ba sa jure matsi. Kuma don Allah kada wanda ya kwanta ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. A sa ƙafar ƙarfe ta tokare motar, a datse taya da dutse.

Da na gama na buɗe ƙusar man aksul na baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, na tsoma yatsa. Idan ruwa ya shiga, man yakan koma kamar shayi mai madara. Nawa da sauƙi. Na bi farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi zuwa tayoyin baya, da bindigar giris, na zaga unguwa ina taka birki a hankali har ya bushe, sannan na dawo na kwashe lakar da shebur, baro ɗaya cur, kafin ta gangara kwata maƙwabta su yi kuka da ni.

Saura gangunan birkin baya. Ina jin wani ɗan ƙaran yashi idan na taka, kuma ban taɓa buɗe su da kaina ba. Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu zan gwada, Baban Ƙofar Ruwa ya ce in zo ya tsaya a kaina.