Daga Duwatsun Shere zuwa Kwazazzaban Azbin

Mutumin da ya tashi a Jos ba ya ɗaukar dutse a matsayin abin mamaki, domin tun yana yaro yake ganin manyan duwatsu sun hau kan juna a Riyom, kuma idan ya ga dama sai ya haye Shere mai tsayin mita 1,829 ya sauko kafin la'asar. Da wannan sabo ne ni da abokan hawan dutsena muka yanke shawarar zuwa Azbin, a arewacin Jamhuriyar Nijar, a wani hunturu da hanya ta fi ta yanzu lafiya. Wani daga cikinmu da ya karanci ilimin ma'adinai shi ya kwaɗaita mana tafiyar. Ya bayyana mana cewa duwatsun da aka haƙi kuza a gindinsu a Jos jeri ɗaya ne da na Damagaram da na Azbin, sai dai na Azbin sun haura shekara miliyan 400, namu kuwa ba su kai miliyan 200 ba.

Mun bi ta Kano da Damagaram da Tanut muka sauka Agadas, inda muka ɗauki jagora, wani dattijon Buzu mai jin Hausa sarai. Daga nan mota ta kai mu wajen Tabelot, ƙasar manoman albasa da ke gindin tsaunin Bagzan, wanda ƙololuwarsa mai mita 2,022 ita ce wuri mafi tsayi a Nijar. A nan tafiyar ƙafa ta fara, jakuna na ɗauke da kaya da salkunan ruwa.

A kan falalen dutse ƙafafunmu sun san abin da suke yi, domin irin dutsen gida ne mai kaushi, wanda takalmi ke kamawa. Abin ya sauya ne da muka shiga filayen baƙin dutse, wato narkakken dutsen da ya malalo daga tsaunuka masu aman wuta ya daskare. Muna da irinsa a Filato, a wajen Kerang da Panyam, amma namu ruwan sama ya riga ya narkar da samansa ya zama ƙasar noma, har ana shuka dankalin turawa a kai. Na Azbin tsirara yake. Tsakuwarsa na da ramuka da kaifi, tana mirginawa a ƙarƙashin sawu, kuma da hantsi ya ɗaga sai ta riƙa mayar da zafi sama har mutum ya ji shi a haɓarsa. Takalmin ɗaya daga cikinmu ya ɓare a nan, dattijon ya ɗinke shi da tsinken fata yana dariya. Tun daga lokacin na yarda cewa a irin wannan ƙasa kaurin tafin takalmi ya fi sunan kamfanin da ya ƙera shi muhimmanci, kuma tafiyar kirki ita ce ta bayan sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma ta bayan la'asar.

Kwazazzaban su ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Akwai inda tsagar dutsen ta matse har mutum ya iya taɓa bango biyu da hannuwansa, sama kuwa ba a ganin komai sai siririn layin haske. Iskar ciki sanyi gare ta, ƙasan yashi ne mai laushi, bangon kuma sumul yake kamar cikin tsohon turmi. Bayan wahalar baƙin dutse, duk wanda ya shiga nan zai so ya shimfiɗa bargo ya kwana, kuma haka wani daga cikinmu ya nema. Dattijon bai yi musu ba. Ya ɗaga sandarsa ya nuna wani busasshen reshe da tarkacen ciyawa da suka maƙale a tsagar bango, nesa da inda hannun mafi tsayinmu zai kai.

"Malam, wa kake jin ya ajiye wancan a can?" in ji shi.

Abokin namu ya ce, "Baba, ai ko gajimare babu."

Ya amsa da cewa ruwan da ke kashe mutum a kori, wato busasshiyar hanyar ruwa irin wannan, ba a kansa yake sauka ba. Yana zuba ne a kan tsauni mai nisa, kuma da yake dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya sauka sai ya taru ya gangaro ta hanya ɗaya, ɗauke da duwatsu da itatuwa, cikin ɗan lokacin da bai isa a ɗaure kaya ba. Gaskiya ne damina a can daga Yuli zuwa Satumba take, mu kuma a hunturu muka je, amma shi bai yarda ya bambanta ba, domin a ganinsa ɗabi'ar da ake ajiyewa har tsawon wata shida ba za a tuna da ita a ranar da ake buƙatarta ba. Mutanen Agadas sun san wannan da kyau: a Satumbar 2009 ruwan da ya sauka a kan tsaunukan ya biyo korin Telwa ya rushe gidaje masu yawa a birnin. Saboda haka kullum a kan tudu muke kwana, inda sanyin dare ya fi na Jos a watan Janairu cizo, kuma kafin mu shiga kowane matsatsi sai ya gaya mana inda za a iya hayewa idan an ji ƙugi daga sama.

Ɗaya fuskar ruwan ita ce rashinsa. A Shere mutum na iya lissafin tafiya da sa'o'i, amma a Azbin da rijiyoyi da tafkunan cikin dutse ake lissafinta, kuma jagora ne kaɗai ya san wanne ke riƙe ruwa a wace shekara. Ya hana mu jira sai ƙishi ya kama mu, ya ce a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, domin busasshiyar iska na ɗauke gumi kafin a gan shi. Ya kuma hana wanka ko sa sabulu a tafkunan, saboda daga nan makiyaya da awakinsu suke sha. Abincinmu dabino ne da cuku da burodin da ake gasawa a cikin yashi da garwashi, sai shayi da ake sha sau uku a jere. Na lura cewa rawani, wanda wasunmu suka ɗauka ado ne, ya fi hular da muka zo da ita kare wuya da hanci.

A Timia muka ƙare, inda ruwa ke zubowa daga bakin dutse zuwa wani tafki, lambuna kuma cike da lemo da rumman da dabino, raƙuma na jan guga daga rijiyoyi. Mai sha'awar wannan tafiya a yau ya fara da binciken halin tsaro da izinin hukumomin Agadas kafin ya sayi ko da igiyar takalmi, kuma kada ya yi cinikin kuɗin jagora kamar yana sayen tumatur a kasuwar Farin Gada ta Jos, domin sanin rijiyoyin da ke kan dattijon nan babu taswirar da ta ƙunshe shi.