Kuɗin Laraba da shagon gem

Ranar Asabar da ta wuce na je gaishe da Baba a Unguwar Rogo, na tarar da abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Tsohon na zaune a kujerarsa ya lulluɓa da bargo saboda sanyin Jos ya fara sauka, ɗan ƙanena mai shekara 12 na zaune a ƙasa riƙe da hannun gem, Baba kuma sai ba shi umarni yake: "Kai, ba wa na gefe mana! Ba ka ga ba kowa a kansa ba?" Sai da na yi sallama sau biyu kafin aka amsa.

Wannan Baban fa shi ne ya taɓa zuwa har shagon gem ya jawo ni waje da kunne, ina aji biyu a sakandare. Shagon yana wani lungu ne ta bayan Titin Bauchi: labule mai maiƙo, benci biyu, talabijin irin mai ƙeyar nan, da PlayStation 2 guda ɗaya da ake lulluɓe ta da tawul saboda ƙura. Gem ɗin ƙwallon ƙafa na Winning Eleven muke bugawa, mai sharhin yana ta ihu da Japananci, mu kuma muna kwaikwayonsa ba tare da mun san me yake cewa ba. Kowa Brazil yake so, don ya ɗauko Roberto Carlos daga baya ya mayar da shi ɗan gaba saboda gudunsa. Wanda aka ci shi ke biya, kuma shi ke tashi. Ni kuwa da kuɗin Laraba nake biya, wanda Inna ke ba ni in kai wa Malam. Da asiri ya tonu na sha bulala a gida, na sake sha a makarantar allo.

A lokacin, in aka ce yaro ɗan gidan gem ne, kamar an ce ɗan caca ne.

Abin da ya sauya, a ganina, abu biyu ne. Na farko, mu da aka ja wa kunnen mu ne iyaye yanzu, ba mu da bakin cewa abin shaiɗanci ne. Na biyu, kuɗi ya shigo, kuma mun san yadda kuɗi ke wanke suna. A 2019 wani yaro ɗan shekara 16 a Amurka ya ci dala miliyan 3 a gasar duniya ta gem ɗin Fortnite. A gasar wasannin Asiya da aka yi a Hangzhou ta ƙasar Sin a 2023, lambobin yabo aka raba wa 'yan gem kamar yadda aka raba wa masu tsere. Amma wanda ya karya lagon Baba shi ne da jikansa ya gaya masa an yi gasa a Riyad a 2024 da aka sa kyautar sama da dala miliyan 60. Wai shiru ya yi, can ya ce, "Har Saudiyya?" Daga ranar bai ƙara cewa a kashe ba, sai dai in an kira sallah.

Akwai alherin da ba zan ɓoye ba. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san yadda unguwanni suka rabu bayan rikicin 2001 da na 2008, kowa ya koma cikin nasa. Ɗan ƙanen nawa kuwa abokin tafiyarsa a gem ɗin yaƙi na Call of Duty wani yaro ne daga Gada Biyu, unguwar da ni kaina na daɗe ban taka ba. Kullum da yamma suna tare a waya, suna gauraya Hausa da Turanci, ɗaya na kare bayan ɗaya. Har sun haɗu a Taminus sun sha shayi. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai.

Damuwata ita ce shagonmu na da yana da ƙarshe. Kuɗinka ya ƙare ka tashi. NEPA ta ɗauke wuta kowa ya watse, don mai shagon ba ya tayar da janareta sai mutane sun cika. Ana kiran magariba zai ja ƙofa. Ko ba komai akwai mutum biyar a bayanka suna jiran layi suna zaginka. Waya ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tana cikin aljihu, tana ƙarƙashin bargo, kuma an tsara wasannin ne yadda kullum akwai wata kyautar da za ta wuce ka in ba ka shiga yau ba. Babban ɗana na taɓa kama shi ƙarfe biyu na dare, fuskarsa ta yi shuɗi da hasken waya, ga jarrabawa da safe. Wani watan kuma na ga an cire kuɗi a asusuna, ashe riga ya saya wa ɗan wasansa na cikin gem. Riga! Shi kuwa tasa ta makaranta har ta koɗe. Ba a banza Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin kundin cututtukanta a 2019 ba. Yanzu dokar gidana ita ce duk waya a ɗakina take kwana, kuma har yau rigima muke yi a kai.

Ina cikin ba wa Baba wannan labarin ne ya ce wa jikansa ya ba ni hannu ɗaya mu gwada. Wasan da muka sani da FIFA ma tun 2023 ya koma FC, maɓallan duk sun rikice mini. Kafin a tafi hutun rabin lokaci yaron ya zura mini huɗu, yana cewa, "Baffa, in rage maka ne?" Baba ya gyara bargonsa, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Duk kuɗin Malam ɗin da ka cinye, ashe ko wannan ba ka iya ba."