Daga Kano zuwa Damagaram da motar da giyarta ke gardama

Kawuna yana da wata tsohuwar Marsandi wadda 'yan Najeriya ke kira V-boot, ƙirar 250D ta 1991, mai shan gas, silinda biyar, giya huɗu mai canja kanta. Da ita muka tashi daga Kano za mu Damagaram ɗaurin auren 'yar amininsa, ni ke tuƙi, shi yana gefe da carbi, matarsa Inna tana baya da kwanukan dubulan da alkaki. Motar ba ta da gudu ko a zamanin ƙuruciyarta, ƙarfin doki 94 ne kacal yake jan wannan ƙaton jiki, saboda haka ba mu damu da nawarta ba sai da muka wuce Dambatta.

A nan ne ta fara abin da ba ta saba ba. In na taka totur sai inji ya yi ta kuka a giya ta biyu, ya ƙi sakin ta, har sai na ɗan ɗaga ƙafa, sannan ta uku ta shiga da wani bugu da ke girgiza kujera. Inna ta yi salati har ta gaji. Kawu kuwa cewa ya yi, "Ɗana, lallaɓa ta, tsufa ne."

A Kazaure muka tsaya ƙarƙashin duwatsun nan na bakin gari, wani matashin bakanike ya zagaya da ita sau ɗaya ya dawo ya yanke hukunci: giyabos ya mutu, a koma kasuwar Kofar Ruwa a Kano a sayo na Beljiyam. Ko bonet bai buɗe ba. Kawu ya yi masa godiya, ya ba shi na ruwa, muka ci gaba a hankali.

A Daura aka nuna mana garejin wani dattijo a bayan tasha, wanda aka ce a Nijar ya koyi sana'a, inda motocin gas suka fi yawa. Bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambayoyi. Da sanyin safiya take yi ko sai ta ɗauki zafi? Jinkiri take yi, ko bugu, ko kuwa inji ne ke tashi sama a tsakanin giya biyu kamar an saka furi? Tana jan hawa yadda ta saba? Sai kuma ya yi wadda ta ba ni mamaki: "Alhaji, in ka murɗa makulli, inji na mutuwa nan take?"

Kawu ya yi shiru, sannan ya ce kwanan nan takan ɗan ci gaba da aiki kafin ta mutu, shi ya ɗauka ba wani abu ba ne.

Dattijon ya fara da man giya. Ya sa aka gyara tsayuwar motar a wuri mai shimfiɗe, inji yana aiki, giya tana P, ya zaro geji ya goge a farin ƙyalle. Man ja ne mai ɗan duhu, yana tsakanin alamomi biyu, ya shinshina ya miƙo mini in ji. Babu ƙauri. Ya ce da faya-fayan ciki sun ƙone da man ya yi baƙi yana warin ƙuna, da kuma ya yi fari-fari da mun san ruwan lagireto ya shiga. Daga nan ya leƙa ƙarƙashin totur, inda akwai wani ɗan maɓalli da ke tilasta wa mota komawa ƙaramar giya in an take har ƙasa. Wani lokaci datti ko kafet kan danne shi, mota ta yi ta riƙe giya. Namu lafiya lau yake ɗagowa.

Bayanin da ya yi mana daga nan shi ne abin da na fi ƙaruwa da shi a tafiyar. Wannan giyar ba kwamfuta ke sarrafa ta ba. Abu biyu ke gaya mata halin da inji yake ciki. Akwai waya da ta taso daga sandunan totur zuwa giyabos, ita ke faɗin lokacin canji: in ta yi tsauri ko an take totur da yawa, canji ya yi latti. Akwai kuma siririn tiyo na zuƙar iska da ke zuwa wani ɗan gwangwani a gefen giyabos, shi ke faɗin ƙarfin canjin: in zuƙar ta ragu giya ta shiga da bugu, in ta yi yawa ta riƙa sulɓewa. Injin gas ba ya samar da wannan zuƙa da kansa yadda na fetur yake yi, famfo ne na musamman a gaban inji ke yin ta, kuma ita ce dai ke taimakon birki, ita ce ke kashe inji in an murɗa makulli. Shi ya sa ya yi waccan tambaya.

Ya bi tiyoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wanda ke gangarawa giyabos ya cire shi, ya duba ko akwai jan mai a ciki, bai gani ba, sai ya sa baki ya zuƙa ya toshe da harshe. Tiyon ya manne, alamar gwangwanin bai fashe ba. A kusa da injekta ne ya samu ɓarawon: wata 'yar robar mahaɗa mai baki uku, zafi da shekaru sun busar da ita, ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Da ya lanƙwasa ta sai tsagar ta buɗe baki.

"Wannan ita ce bugun," in ji shi. "Saura lattin."

Yaronsa ya so ya sassauta wayar totur, ya buge masa hannu. Ya ce wayar da ta shekara talatin a wurinta ba ta tashi yau ta canja hali ba, a fara tambayar inji. Ƙaramar filtar gas, wadda ake ganin cikinta, ta yi baƙi ƙirin da laka. Inji ba ya samun isasshen mai, ƙarfinsa ya ragu, direba yana ƙara taka totur don ya cike giɓin, waya kuma tana gaya wa giya cewa ana neman ƙarfi, sai ta ƙi hawa. Ya canja filtocin gas ɗin duka biyu, ƙaramar da babbar, ya cika babbar da gas kafin ya ɗaura, aka yi ta ba ta wuta har ta kama. Kuɗin kayan da na aiki gaba ɗaya bai kai abin da za mu ba mai janwe ya maida mu Kano ba.

Bayan azahar muka bi ta Mai'adua muka isa Kongolam. Takardun mota sun ci lokaci fiye da gyaran, kwastan a nan, duwan, wato kwastan ɗin Nijar, da jandarma a Ɗan Barto, aka canja naira zuwa sefa a gindin bishiya. Tsakanin Matamaye da Takeita na samu damar gwada ta sosai. Ta biyu zuwa ta uku sumul, da wuri, ba bugu. Amma daga ta uku zuwa ta huɗu inji yakan ɗan ɗaga murya na ƙiftawar ido kafin ta kama, abin da dattijon ya riga ya faɗa: bugun nan yana ɓoye gajiyar ciki, in ya tafi za a ji ta. Shawararsa a sauke farantin ƙasan giyabos a canja mai da filtar cikin giyabos, kada kuma a bar kowa ya murɗa saitin gwangwanin ba tare da agogon awo ba.

Mun shiga Damagaram gab da magariba, ta gefen manyan duwatsun da suka kewaye Birni da fadar Sarki. Garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926 yanzu matatar mai ta SORAZ ce a arewacinsa tun 2011, don haka Kawu ya ce a cika tanki a gidan mai, ba ruwansa da na jarka a bakin hanya. Washegari bayan ɗaurin aure muka zaga shagunan kayan mota na Zango, muka samu man giya na Dexron, amma filtar da robar farantin ba ta irin tamu. Kawu ya buga wa wani ɗan'uwa waya a Kano ya saya ya ba direban tasha, suka kwashe rabin sa'a suna ciniki a kan kuɗin aike.